Daga Allo Zuwa Madatsar Tiga: Zangon da Na Koyar da Karatun Taswira

Darasin Labarin Ƙasa a babbar sakandare yana da sashe guda da ɗalibai suka fi jin tsoro, wato karatun taswira, kuma shi ne sashen da babu hanyar kauce masa, domin a jarrabawar WAEC tambayar taswira dole ce a takarda ta uku, ba a ba ɗalibi zaɓin tsallake ta. Ina koyar da wannan darasi a wata makarantar gwamnati ta maza, ta jeka-ka-dawo, a gefen birnin Kano. Abin da zan bayyana a nan shi ne yadda na bi da ɗaliban aji biyu na babbar sakandare a zangon karatu na biyu, tun daga tsara darasi a watan Janairu, zuwa fita da su gonakin rani na Kadawa da madatsar ruwa ta Tiga, har zuwa gyaran rahotannin da suka rubuto bayan mun dawo.

Tun da aka sake manhajar babbar sakandare a 2011, Labarin Ƙasa ya zama darasin zaɓi, kuma hakan ya rage masa daraja a idon masu tsara jadawali, ko da yake a makaranta irin tamu bai rage cunkoso a aji ba. Ɗalibaina na aji biyu sun haura saba'in a ɗaki ɗaya, wasu a kan benci, wasu a ƙasa, wasu a bakin taga. Kowane darasi minti 40 ne, kuma duk wanda ya taɓa raba taswira da rula ga yara masu wannan yawa ya san cewa kafin kowa ya zauna ya daidaita takardarsa, rabin lokacin ya riga ya tafi. Saboda haka abin da na fara yi shi ne lallashin malamin da ke tsara jadawali ya haɗa mini darasi biyu a jere sau ɗaya a mako. Ya amince, bisa sharaɗin in karɓi na bayan an dawo daga tara, lokacin da rana ta take kuma yawancin malamai ba sa son shiga aji.

Hidimar malami ta yau da kullum kuwa ba ta dakatawa don yana shirin wani abu na musamman. Bayan sallar asuba nakan duba abin da zan koyar, in hau babur in isa makaranta kafin taron safe, in sa hannu a rajistar malamai, in kira sunayen ɗaliban ajin da nake riƙe da shi. Kowace Litinin ana miƙa littafin tsarin darasi ga mataimakin shugaban makaranta mai kula da karatu ya duba ya sa hannu, ranar Juma'a kuma a cike kundin abin da aka koyar a mako. Makon da duti ya faɗo a kaina, ni ne mai tare 'yan makara a bakin ƙofa, ni ne mai raba faɗa, ni ne mai kai wanda zazzaɓi ya kama gida. Da yamma, kamar yawancin abokan aikina, ina da 'yar sana'ar da nake cike giɓin albashi da ita, don haka gyaran littattafan yara sai bayan isha'i. A cikin wannan hada-hadar ne aka yi duk abin da zan faɗa.

Matsala ta gaba ita ce taswirar kanta. Abin da muke da shi a kabad ɗin ɗakin malamai 'yan takardu ne da suka rage daga jarrabawar shekarun baya, waɗanda aka yanko daga tsofaffin taswirorin da hukumar safiyo ta tarayya ta buga a ma'aunin 1:50,000 da 1:100,000. Yawancinsu an zana su tun kafin ƙasar nan ta koma awo da mita, shi ya sa da ƙafa aka rubuta tsayin ƙasa a cikinsu, kuma a mafi yawan waɗanda ke hannunmu tazarar da ke tsakanin layin tudu, wato layin da ke haɗa wurare masu tsayi ɗaya, da na kusa da shi ƙafa 50 ce. Ba su isa kowa ya samu ba, dole a kai a yi fotokwafi. Sai dai fotokwafi kashe taswira yake yi. A ta asali layukan tudu ruwan ƙasa ne, koguna shuɗɗa, daji kore, manyan hanyoyi ja, amma da zarar ta fito daga inji komai ya koma baƙi, yaro ba ya iya bambance rafi da hanyar ƙafa. Sai na raba ajin rukuni-rukuni, na ba kowane rukuni ta asali guda, na ce kowa ya ɗauki shuɗin biro ya bi kogunan da ke cikin kwafinsa yana duba ta asali, sannan ya bi hanyoyi da jan biro. Aikin ya cinye darasi guda cur, amma ban ɗauke shi ɓata lokaci ba, domin yaron da ya bi kogi da hannunsa tun daga mafarinsa har inda ya fice daga takarda ya riga ya fara karanta taswira ko da bai sani ba.

Da ma'auni na fara, kuma ba a kan taswira na fara shi ba. Na aro tef ɗin awo daga wani magini, muka auna tsawon ajinmu da faɗinsa, muka auna baranda da filin taron safe, sannan na tambaye su yadda za a yi wannan fili ya shiga shafin littafi. Su da kansu suka kawo shawarar a ce kowane santimita ɗaya yana wakiltar mita kaza. Daga nan 1:50,000 ta daina ba su tsoro, tunda sun gane cewa santimita 1 a takarda santimita 50,000 ne a ƙasa, wato rabin kilomita, santimita 2 kuma kilomita guda. Nisan da yake a miƙe rula ta ishe shi, amma kogi da hanya masu lanƙwasa sai da zare. Kowa ya zo da zaren ɗinki daga gida, ya kwantar da shi a kan kogin yana bin kowace kwana, ya sa alama da biro, ya miƙe shi a kan rula. Inda suka fi faɗuwa shi ne jan zaren da ƙarfi har ya yanke kwana, da kuma mantawa da mayar da santimita kilomita. Rage girman taswira, wanda shi ma yakan fito a jarrabawa, ya rikita har masu ƙoƙarin cikinsu, domin idan aka rage tsawo da faɗin taswirar 1:50,000 zuwa rabi, sabon ma'aunin 1:100,000 ne, wato lamba ta ƙaru alhali takarda ta ƙanƙance.

Layukan tudu su ne ainihin wahalar. Yaron da ya tashi a Kano, inda ƙasa take a shimfiɗe, tudun da ya sani shi ne Dala da Goron Dutse, kuma daga gefe ya san su, bai taɓa tunanin yadda za su kasance idan an hango su daga sama ba. Taswira kuwa daga sama take kallon komai. Don haka na sa aka ɗauko wani ƙaton dutse mai gefe ɗaya a tsaye, ɗaya gefen kuma a kwance, muka sa shi a cikin babbar roba a tsakiyar fili. Muka kafa rula a jikin robar, muka zuba ruwa har ya kai santimita 3, wani ɗalibi ya zagaye dutsen da maka daidai bakin ruwan. Muka ƙara ruwa zuwa santimita 6, aka sake zagayewa, haka muka yi ta yi har ruwa ya kusa rufe kan dutsen. Da muka zubar da ruwan, sai na sa suka riƙa zuwa biyar-biyar suna hawa benci suna leƙo dutsen daga sama. Abin da suka gani zobba ne wani cikin wani. A gefen da dutsen yake a tsaye zobban sun matsu har suna neman taɓa juna, a gefen da ya kwanta kuma sun wawware. Wani yaro da ba ya cika magana a aji ya ce, "Malam, ashe kowane layi bakin ruwa ne da a ce ambaliya ta kai wurin." Ban taɓa samun bayanin da ya kai wannan fayyacewa a cikin littafi ba, kuma da shi na ci gaba da koyarwa.

Bayan wannan rana sauran dokokin suka zo da sauƙi, cewa layukan ba sa ratsa juna, da cewa inda suka tsallaka kogi sukan yi tsini suna nuna wajen da ruwan ya fito, wanda da shi ake gane inda kogi ya dosa ko da babu kibiya a takarda. Lissafin gangara ne ya ɗan ja lokaci, saboda tsayi da ƙafa yake, nisa kuma da kilomita, dole a mayar da su awo ɗaya kafin a raba. Idan bambancin tsayi tsakanin wurare biyu ƙafa 500 ne, wato kimanin mita 152, nisan kuma kilomita 3, wato mita 3,000, to gangarar ta kusa 1 cikin 20. Nakan sa su faɗi ma'anar amsar da baki, cewa duk tafiyar mita 20 ƙasa ta hau mita guda, domin na lura cewa wanda ya iya faɗin haka ba ya rubuta amsar da hankali ba zai ɗauka ba.

Kusurwa da lokaci na koyar da su ne ta abin da yaran suke yi kullum. Kowa a ajin yana cewa gabas muke fuskanta a salla, amma da muka aza ma'aunin kusurwa a kan taswirar duniya, muka kuma duba kamfas ɗin waya, sai suka ga alƙiblar Kano tana wajen digiri 68 daga arewa, wato ta karkata daga gabas sak zuwa arewa. Game da lokaci kuwa, na tambaye su dalilin da ya sa mutanen Maiduguri suke shan ruwa kafin na Sakkwato alhali agogonsu ɗaya. Maiduguri tana kusa da digiri 13 gabas, Sakkwato kusa da digiri 5, tazarar digiri 8 ke nan, kowane digiri kuma minti 4 ne, wato kimanin rabin awa. Wanda ya gane wannan ba ya bukatar haddace cewa digiri 15 awa guda ce, kuma ba ya mamakin Makka ta riga mu da awa biyu. Bayanin farko da Hausa nake yinsa har sai na ga fuskoki sun saki, sannan in maimaita da Turanci, in rubuta kalmomin jarrabawa a allo su kwafa su sa su cikin jimla. Na san akwai masu duba makarantu da ba sa son jin Hausa a ajin babbar sakandare, kuma dalilinsu ba na banza ba ne, tunda da Turanci za a rubuta jarrabawa. Amma na tabbata yaron da bai gane abu da harshen da yake tunani da shi ba, hadda kawai zai yi, hadda kuwa ba ta amfani a gaban taswirar garin da bai taɓa gani ba.

Duk wannan shiri ne na fita, domin ra'ayina shi ne ba a gama koyar da taswira ba sai yaro ya riƙe takarda a hannu ya ɗaga kai ya ga ƙasar da aka zana. Neman izinin fitar ya fi koyarwar wuya. Na rubuta takarda zuwa ga shugaban makaranta, na faɗi inda za mu, da ranar, da yawan yara, da malaman da za su raka ni, da sassan manhajar da fitar ta shafa. Ya karanta ya ce, "Malam, ka san halin da ake ciki. Idan wani abu ya sami ɗan mutane, ni za a fara kira." Na ce, "Ranka ya daɗe, na sani, shi ya sa na zaɓi hanyar da ba ta shiga daji, kuma in Allah ya yarda kafin la'asar mun dawo." Tsoronsa yana da dalili, domin tun bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a watan Disambar 2020, babu shugaban makarantar da ke sa hannu a irin wannan takarda hankalinsa a kwance. Ya tura ta gaba, ta yi jinkiri a wani ofishi har sai da na riƙa bin ta da ƙafa bayan an tashi daga makaranta. Na kuma rubuta wa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda ke kula da madatsar da aikin noman ranin, suka amsa suka haɗa mu da ma'aikacin da zai zagaya da mu.

Sai kuma iyaye da kuɗi. Kowane yaro ya kai takarda gida mahaifinsa ko mai riƙonsa ya sa hannu ko ya dangwala, waɗanda suka nuna shakka kuma na je na same su, wasu a shago, wasu a ƙofar masallaci bayan magariba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin hayar mota ya yi tashin gwauron zabo, abin da ya faɗo kan kowane ɗalibi kuma ya fi ƙarfin gidaje da yawa. Na ƙudura cewa ba za a bar yaro ba don babu a gidansu. Ƙungiyar iyaye da malamai ta ɗauki wani kaso, wani tsohon ɗalibin makarantar da ke harkar sufuri ya rage mana kuɗin bas ɗaya, mu malaman da za mu tafi muka haɗa sauran. Sunayen waɗanda aka biya wa ba su fita daga littafina ba.

Kafin ranar na hau babur na je na ga wuraren da idona, na san inda mota za ta iya tsayawa, da inda za a yi sallar azahar, da inda hatsari yake. Da yake ba mu da taswirar safiyo ta yankin, na je shagon kwamfuta na sa aka bugo mini hoton tauraron ɗan'adam na wurin daga Google Earth, kowane rukuni ya samu guda. Manhaja ta tanadi a koyar da amfani da kwamfuta wajen sarrafa bayanan ƙasa, mu kuwa a allo kawai muke koyar da shi, don haka wannan hoto shi ne abu mafi kusa da aikin da yaran suka taɓa riƙewa. Na rubuta wa kowane rukuni tambayoyinsa, wani kan yanayin ƙasa, wani kan amfanin gona, wani kan rabon ruwa, wani kan sufuri da kasuwa. Na kuma kafa doka guda da ba ta da sassauci, cewa babu mai sa ƙafa a ruwan kanal, saboda tsargiya da kuma ƙarfin ruwan.

Mun fita a watan Fabrairu, hunturu ya fara sauƙi, zafin bazara bai kankama ba. A gadar Tamburawa, kan titin Zariya, muka fara tsayawa. Kogin Challawa a lokacin yawancinsa yashi ne, ruwan ya tattare gefe guda, masu ɗibar yashi suna ta lodi. Na ce su duba inda kogin ya lanƙwasa su faɗa mini wane gefe ruwa ke ci, wane gefe yake tara yashi, kuma suka gano da kansu cewa gefen waje ne ke zaizayewa, abin da na sha zanawa a allo. Daga Kura zuwa Kadawa kuwa ƙasa ta sauya gaba ɗaya. A bayanmu mun baro gonakin damina fayau, sai kara da ƙura, a gabanmu ga alkama kore shar, ga tumatir da albasa da masara, ga kwandunan tumatir jere a Kwanar Gafan ana loda su a manyan motoci zuwa kudu. Na bar su suka yi ta kallo kafin in tambaye su abin da ya raba wannan ƙasa da waccan, tunda ruwan sama ɗaya suke samu.

A bakin wani ƙaramin kanal muka sami wani dattijo yana ba alkamarsa ruwa. Ya ɗauki bututu mai lanƙwasa ya nutsa shi a kanal har ya cika, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya ja shi ya kwantar a kan kunya ya saki, ruwa ya kama zuba babu inji babu famfo. Yaran suka yi cirko-cirko. Shugaban rukunin rabon ruwa ya gaishe shi ya ce, "Baba, kowa yana samun ruwa daidai?" Dattijon ya ce, "A'a, ɗana. Ruwa ba ya hawa tudu, kuma na gaba shi ke fara sha. Wanda gonarsa take ƙarshen kanal, in ciyawa da laka suka toshe hanya, sai ya jira." Ya nuna musu wata gona a kwari da ruwa ya kwanta a cikinta har ƙasar ta yi fari-fari, ya ce ba ta ƙara yin abin kirki ba. Ya kuma ba su labarin tsutsar da ta cinye tumatir a 2016. A cikin ɗan wannan tsayuwa yaran sun ji batun gangara, da toshewar magudana, da kwanciyar ruwa, da gishirin ƙasa, daga bakin wanda abincinsa ya dogara da su, kuma na lura cewa 'ya'yan manoman da ke cikinsu, waɗanda a aji su ne masu zama a baya, su ne suka fi kowa iya tambaya.

Daga nan muka bar titin Zariya muka kama hanyar da ta bi ta Bagauda, inda na gaya musu yadda madatsar wurin ta ɓalle a watan Agustan 1988 ta yi ɓarna mai yawa. Muna ƙara yin kudu duwatsu suka fara bayyana, ƙasa ta fara hawa da sauka, domin yankin yana kan tsohon dutse mai tauri ne, saɓanin ƙasar yashi da ke arewa maso gabashin Kano wajen Haɗejiya. Ita madatsar Tiga an gina ta ne daga 1971 zuwa 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a kan Kogin Kano. Bangon nata na ƙasa ne da aka danne aka jera duwatsu a fuskar da ke kallon ruwa, tsawonsa kimanin kilomita 6, tafkin da ya taru a bayansa kuma ya kai murabba'in kilomita 178, an kuma tsara shi ya riƙe ruwa kusan mita mai siffar sukari biliyan 2. Yawancin yaran ba su taɓa ganin ruwan da ido ba ya kai ƙarshensa ba. Sai da na bari hayaniyar ta lafa, sannan na sa kowane rukuni ya shimfiɗa hotonsa a ƙasa, ya juya shi har arewar takarda ta dace da arewar kamfas, ya nemo inda muke tsaye, ya nuna mini da yatsa dutsen da ke cikin hoton a fili. Wannan shi ne aikin da na yi duk wahalar dominsa. Wasu rukunonin sun yi shi nan take, wasu sai da suka yi ta juya takarda suna gardama, amma babu wanda ya tashi bai yi ba.

Ma'aikacin hukumar ya nuna musu inda ake sakin ruwa zuwa babban kanal, ya bayyana cewa gangara ce kawai ke kai shi Ruwan Kanya da gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, wani kuma a sake shi cikin kogi ya gangara wajen Kano, inda ake tacewa a sha. Wani ɗalibi ya tambaye shi, "Yallaɓai, to waɗanda suke can ƙasa da mu fa, da ruwan nan nasu ne?" Tambayar ta yi mini daɗi ƙwarai, domin ita ce rabin darasin da ba a gani daga kan madatsa. Kogin Kano yana haɗuwa da Challawa, wanda shi ma aka datse shi a 1992, su zama Kogin Haɗejiya, ya ratsa fadamun Haɗejiya da Nguru, ya haɗu da na Jama'are ya zama Kogin Yobe, wanda ya yi iyaka tsakanin Nijeriya da Nijar wajen Diffa kafin ya kai Tafkin Chadi. Riƙe ruwa a sama ya rage ambaliyar da manoman fadama da masunta da makiyaya suke dogara da ita, sakin ruwa duk shekara kuma ya taimaka wa ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa a can. Na kuma ja hankalinsu kada su ɗora wa Tiga ƙafewar Tafkin Chadi, domin mafi yawan ruwan tafkin daga Kogin Chari da Logone yake zuwa. Ban gaya musu cewa madatsar alheri ce ko sharri ba. Na ce kowa ya rubuta wanda ya amfana da wanda ya yi asara, ya kawo hujja daga abin da ya gani da abin da ya ji.

Mun dawo kafin la'asar kamar yadda na yi alkawari, na ƙirga yara a bakin ƙofa, na kira shugaban makaranta na shaida masa. Mako biyu na ba su su kawo rahoto, kowane rukuni da zanen taswirar hanyar da muka bi, mai ɗauke da ma'auni da kibiyar arewa da bayanin alamomi. Gyaran ya ci mini darare, kuma sakamakon ba ɗaya ba ne. Zanen taswira ya yi kyau fiye da yadda na zata, bayanin rabon ruwa ma ya fito da ma'ana, har wani rukuni ya zana kanal da gonakin farko da na ƙarshe ya nuna wanda ke rasa ruwa. Amma rubutun Turancin da yawa daga cikinsu bai ɗauki abin da suka sani ba, sai da na kira wasu suka yi mini bayani da baki kafin in gane abin da suke nufi, don haka na roƙi malamin Turanci ya ɗauki rahotannin ya yi darasin rubutu da su. A jarrabawar ƙarshen zango na ba su taswirar wani gari na kudu da ba su taɓa gani ba. Ma'auni da kusurwa da gano inda kogi ya dosa sun zauna ga mafi yawansu, zanen yadda ƙasa ke hawa da sauka idan an kalle ta daga gefe kuwa har yanzu yana ba da wahala, kuma da shi zan buɗe zango na uku.

Na ɗinke rahotanni uku mafi kyau na kai wa shugaban makaranta tare da lissafin kuɗin da aka kashe, domin su zama hujja idan na sake neman izini baɗi. Zango na uku zai fara dab da faɗuwar damina, kuma na riga na raba wa rukunonin aikinsu. Kowane rukuni zai haɗa ma'aunin ruwan sama da gora da mazurari, a kafa su a fili nesa da bishiya da rufin kwano, a riƙa karantawa kowace safiya bayan taron safe ana rubutawa a littafi guda har zuwa ranar da za a ba da hutu a watan Yuli.